KWAMFUTA ƊAYA, MANYAN MANHAJOJI BIYU: BAYANI GA JAMA'A KAN YADDA AKE SHIRYA TA BA TARE DA ASARA BA

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya rufe wa'adin kula da babbar manhajarsa mai suna Windows 10. Ma'anar wannan ita ce, kamfanin ya daina aika mata gyare-gyaren tsaro na wata-wata, sai fa ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Magajiyarta kuwa, watau Windows 11, ta zo da sharuɗɗa waɗanda galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba, musamman dangane da irin ƙwaƙwalwar na'urar da kuma wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. To, da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da malamai da masu shagunan buga takardu a ƙasar nan na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga ƙasashen waje bayan an more su. Lafiyarsu lau, suna aiki, amma zamani ya wuce ya bar su.

Mai irin wannan kwamfuta ba tilas ne ya jingine ta ba, ba kuma tilas ne ya rabu da Windows ɗin da ya saba da ita rana ɗaya ba. Yana iya dasa wata babbar manhaja, alal misali Linux, kusa da ta farkon, ta yadda duk lokacin da ya kunna na'urar za ta tambaye shi wadda yake so ya shiga. Mutum mai natsuwa yana iya yin wannan aiki da kansa cikin yini guda. Sai dai aiki ne da ya taɓa faifan ajiya, inda takardu da hotuna da lissafin ciniki suke, kuma kuskure ɗaya tak ya isa ya share wahalar shekaru. Domin haka wajibi ne a fahimci abin da ake yi kafin a sa hannu.

MECE CE BABBAR MANHAJA?

Babbar manhaja ita ce uwar gidan kwamfuta. Ita ke kula da allo da maɓallan rubutu da faifai da na'urar buga takarda, ita ce kuma ke ba sauran ƙananan manhajoji wurin zama da lokacin aiki. Waɗanda aka fi sani su ne Windows ta Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, da Linux. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta tushen Linux a 1991, kuma har yau kyauta ake ba da ita. Tana da iri-iri: Debian ta fito a 1993, Ubuntu a 2004, Linux Mint a 2006. Ga sabon shiga, biyun ƙarshen nan sun fi sauƙin hannu. Kowa yana da izinin sauke su da kwafe su da raba wa jama'a, abin da ya fi kwanciyar hankali bisa ga sayen manhajar sata wadda ba a san abin da aka cusa a cikinta ba.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda tun daga nan. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Manhajojin biyu suna zaune a faifai ɗaya, amma ɗaya ce kaɗai ke mulki a kowane lokaci. Wanda yake cikin Linux ya so komawa Windows, sai ya sake tayar da kwamfutar.

ABIN DA KE FARUWA SA'AD DA AKA KUNNA KWAMFUTA

Nan ne tushen al'amarin, kuma nan ne mafi yawan masu kuskure suke tuntuɓe. Sa'ad da aka danna maɓallin kunnawa, babbar manhaja ba ta farka ba tukuna, tana kwance a faifai. Wadda ke fara motsi wata 'yar ƙaramar manhaja ce da maƙera suka dasa a jikin na'urar kanta. Aikinta shi ne ta duba lafiyar sassa, sa'an nan ta nemo manhajar tayarwa a faifai ta miƙa mata ragama, ita kuma ta ta da babbar manhaja.

Wannan 'yar manhaja iri biyu ce. Tsohuwar ita ce BIOS, wadda ta zo tare da kwamfutar IBM ta 1981. Ita ba ta san komi game da fayil ba. Abin da ta sani kawai shi ne ta je farkon faifai ta karanta gurbin farko, mai girman bait 512, wanda ake kira MBR. A cikin wannan ɗan gurbi bait 446 ne na umarnin tayarwa, 64 na jadawalin rabon faifai, sauran 2 kuma hatimi ne. Jadawalin layi huɗu kaɗai yake ɗauka, shi ya sa faifai mai tsarin MBR ba ya wuce manyan ɓangarori huɗu, kuma bisa ga al'ada ba ya iya amfani da fili fiye da terabait 2. Abin lura shi ne kujerar tayarwa guda ɗaya ce. Duk manhajar da aka dasa daga baya ita ke hawa, ta ture ta farko.

Sabuwar ita ce UEFI, wadda ta samo asali daga wani aikin kamfanin Intel, ta kuma bazu a kasuwa tun daga zamanin Windows 8 a 2012. Tana tafiya da tsarin rabon faifai mai suna GPT, wanda a ƙarƙashin Windows yake ɗaukar ɓangarori har 128. Maimakon kujera ɗaya, an ware wani ƙaramin ɓangare na faifai, galibi mai megabait 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, ana kiransa ɓangaren EFI. Kamar zauren gida yake: kowace babbar manhaja tana ajiye manhajar tayarwarta a nata lungu, ba mai taka wani. UEFI kuma tana riƙe da jerin sunayensu da wadda za a fara kira. Babu shakka wannan tsari ya fi dacewa da zaman manhajoji biyu.

Dokar da ba a karyawa ita ce, a dasa ta biyu bisa tsarin da aka dasa ta farko. In Windows tana kan UEFI, Linux ma ta hau UEFI. In aka gauraya, ɗaya ba za ta iya ta da ɗaya ba, sai mai kwamfuta ya ɗauka Windows ɗinsa ta ɓace alhali tana nan. Gane tsarin ba wuya: a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta msinfo32, a duba layin da aka rubuta BIOS Mode. Zai nuna UEFI ko kuwa Legacy, watau tsohon tsari. Wanda ya tarar da tsohon tsari kuma ɓangarorin nan huɗu duk sun cika, kamar yadda akan samu a wasu kwamfutocin zamanin Windows 7, ya fi masa alheri ya nemi ƙwararren mai gyara.

SHIRI KAFIN A TAƁA FAIFAI

Rigakafi ya fi magani. Abu na farko, wanda babu rangwame a kansa, shi ne a kwafe duk wani abu mai muhimmanci zuwa wani faifai dabam na waje, a buɗe kwafin a tabbata yana karantuwa, sa'an nan a zare faifan a ajiye shi gefe. Kwafin da aka ajiye a wani ɓangare na faifan da za a yi wa aiki ba kwafi ba ne, gama in gobara ta tashi ɗakunan gida ɗaya take ci.

Na biyu shi ne makullin BitLocker. Wannan wata hanya ce da Windows ke kulle faifai domin kada ɓarawo ya karanta abin da ke ciki, kuma a sababbin kwamfutoci sau da yawa tana kunne ba tare da mai abin ya sani ba. In ta ga an sauya hanyar tayarwa, tana iya ƙin buɗewa sai an ba ta mabuɗin ceto mai lambobi 48. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft na wanda ya fara shirya na'urar. Wanda ya sayi ta hannu ya lura da wannan ƙwarai, domin asusun yana iya zama na wani mutum a wata ƙasa. A nemo mabuɗin a rubuta shi a takarda, ko a kashe kullen baki ɗaya kafin a fara. In mabuɗin ya ɓace bayan faifai ya kulle, babu mai gyaran da zai iya fito da abin da ke ciki.

Akwai kuma dabarar saurin tashi da Windows ke kira Fast Startup. Tun daga Windows 8, in an kashe kwamfuta ba mutuwa take yi sarai ba, wani irin dogon barci take yi, ta bar faifai kamar littafin da aka kife a buɗe. Linux in ta tarar da faifai haka takan ƙi yin rubutu a kai, in kuwa aka tilasta mata ana iya lalata fayiloli. A shiga sashen kula da wuta na Control Panel a cire wannan zaɓi.

Wutar lantarki ma abin dubawa ce. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar sauya girman ɓangaren faifai na daga cikin munanan abubuwan da kan auku. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya cika batir ya bar ta jone. Mai ta kan tebur, ko mai mataccen batir, kada ya fara sai yana da na'urar riƙe wuta, ko janareto mai isasshen mai.

YANKA WA BAƘUWA FILI

Windows takan mamaye kusan dukan faifai, domin haka sai an rage mata. Ya fi kyau a bar ta ta rage da hannunta. A buɗe Disk Management, a zaɓi ɓangaren C, a nemi Shrink Volume, a rubuta yawan filin da ake so da lissafin megabait. Gigabait 50 shi ne megabait 51,200. Masu Ubuntu sun ce gigabait 25 ya isa a dasa ta, amma wannan ɗaki ne da ba wurin ajiye kaya; 50 ko fiye shi ne daidai. Kada kuma a matse Windows har ta rasa wurin numfashi, a bar mata akalla gigabait 30 babu komi. Filin da aka yanka a bar shi fayau, kada a tsara shi, Linux za ta yi da kanta.

Wanda kwamfutarsa ke da gurbin faifai na biyu, kuma yana da halin saye, ya ba kowace manhaja nata faifai. Wannan ya fi kowace dabara aminci.

In kwamfutar sabuwa ce fil ba komi a kanta, a fara dasa Windows, Linux ta biyo baya. Dalili kuwa shi ne Linux ta iya zama da maƙwabta, takan nemo Windows ta sa sunanta a jerin zaɓi, amma Windows ba ta yi wa Linux wannan karamci.

DASAWA

A sauke fayil ɗin Linux daga shafin masu ita na ainihi, ba daga hannun wanda ba a sani ba. Nauyinsa yakan kai gigabait 3 zuwa 6, saboda haka a yi tanadin data. Da manhaja irin su Rufus ko balenaEtcher ake rubuta shi a kan filashi mai gigabait 8 ko fiye, kuma duk abin da ke kan filashin zai goge. Sai a sake kunna kwamfutar ana danna maɓallin zaɓen tashi: F12 ne a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP. In sunan filashin ya fito sau biyu, a zaɓi mai ɗauke da kalmar UEFI, muddin Windows a kan UEFI take.

Linux za ta ba da damar gwaji daga kan filashi ba tare da ta taɓa faifai ba. Kada a raina wannan dama. A gwada intanet, a gwada sauti, a jona na'urar buga takarda a ga ko za ta amsa. Mai shagon buga takardu da ya dasa manhaja sa'an nan ya gano ba ta san firintarsa ba ya yi aikin banza. Wurin zaɓen maɓallan rubutu kuwa akwai tsarin Hausa, mai ba da ɓ da ɗ da ƙ.

Daga nan sai mashigi mafi haɗari. Manhajar dasawa za ta kawo zaɓi kamar uku: a dasa kusa da Windows, ko a share faifai duka a dasa, ko mutum ya raba faifai da hannunsa. Na farkon shi ne abin nema. Na biyun yana aikata abin da ya faɗa, ba ya barin komi, kuma ba a dawowa daga gare shi. A karanta rubutun sau biyu kafin a danna. Wanda ya zaɓi rabawa da hannu ya nuna wa Linux ɓangaren EFI da ke akwai, amma kada ya yarda a tsara shi sabo, domin manhajar tayar da Windows a ciki take.

In zaɓin farko bai bayyana ba sam, to, a tsaya. Alama ce Linux ba ta ga Windows ba, kuma dalilin ba ya wuce abubuwan da aka ambata: an ta da filashi bisa tsarin da ba shi ba, ko BitLocker na kunne, ko Windows ba ta mutu sarai ba. Wani lokaci kuma faifan ne aka saita bisa tsarin RST na Intel maimakon AHCI. Sauya wannan kai tsaye yana iya hana Windows tashi, sai an shirya ta tukuna, don haka aikin mai gyara ne.

Game da Secure Boot, watau tsaron da ke hana manhajar da ba ta da hatimi tashi, ba lalle ne a kashe shi ba. Ubuntu da Fedora da Debian duk suna da 'yar manhaja mai hatimin Microsoft da ke shigar da su.

ZAMAN TARE

Bayan an gama, kowace kunnawa za ta kawo jerin zaɓi na manhajar tayarwa mai suna GRUB. Tana jira daƙiƙu kaɗan, in ba a zaɓa ba ta shiga ta saman jeri. In sunan Windows bai fito ba, kada hankali ya tashi. Tun daga fitowar GRUB 2.06 a 2021 wasu ire-iren Linux ba sa neman maƙwabta sai an umarce su, kuma layi guda ake gyarawa a fayil ɗin saitin GRUB a kunna neman.

Abin da ya fi ba sababbi mamaki shi ne agogo. A jikin kwamfuta agogo ɗaya ne. Windows tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gari, Linux kuwa tana saita shi bisa lokacin duniya na GMT sa'an nan ta ƙara bambancin ƙasa. Da yake Nijeriya da Nijar suna gaban GMT da awa ɗaya, wanda ya fito daga Linux ya shiga Windows yakan tarar agogo ya koma baya da awa guda cur. Mutanen Gana ba su san wannan matsala ba, domin lokacinsu shi ne GMT. Ba lalacewa ba ce, amma ta isa ta sa mutum ya makara. Maganinta a sa su bi ra'ayi ɗaya: a cikin Linux a ba da umarnin timedatectl set-local-rtc 1, ko kuwa a saita Windows ta bi lokacin duniya.

Wajen fayiloli ma ba a yi daidai ba. Linux tana karanta tsarin NTFS na Windows tana kuma rubutu a kai, amma Windows da kanta ba ta buɗe tsarin ext4 na Linux. Wani lokaci har takan nuna ɓangaren kamar baƙo ta nemi a tsara shi, a ƙi. Mai son takardunsa su samu ta kowane gefe ya ajiye su a ɓangare mai NTFS ko exFAT. Tsohon tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4.

Lokaci-lokaci babban sabuntawar Windows yakan mai da sunanta saman jeri, GRUB ta daina fitowa. Linux ba ta goge ba; a shiga saitin UEFI a mai da ita gaba. Akan sami abin da ya fi haka. A watan Agusta na 2024 wani gyaran tsaro na Microsoft, wanda aka ce ba zai shafi masu manhajoji biyu ba, ya hana Linux tashi a kwamfutoci da dama, sai da masu su suka kashe Secure Boot na ɗan lokaci suka gyara. Saboda irin wannan rana, filashin da aka yi dasawa da shi a adana shi, kada a mai da shi na waƙoƙi.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: dasa Linux ba ya warkar da Windows 10. Ramukan tsaronta suna nan. Hikimar ita ce a mai da harkar intanet, da banki, da wasiƙu zuwa Linux mai samun gyara, a bar Windows domin manhajojin da ba su da irin na Linux, kamar Photoshop da CorelDRAW, kuma gwargwadon hali ba tare da an jona ta da intanet ba. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin shafi yakan ɗan goce.

WANDA BAI KAMATA YA YI BA

Kwamfutar ofis ko ta makaranta ba ta ma'aikaci ba ce, kada a taɓa faifanta sai da izinin masu kula da ita. Wanda kuma ɗanɗana Linux kawai yake so, manhaja irin VirtualBox tana iya tafiyar da ita a cikin taga ba tare da an raba faifai ba, in na'urar tana da ƙarfi. Masu kwamfutar Apple su sani cewa Boot Camp, wadda ta fito a 2006 domin dasa Windows kusa da macOS, a kan masu ƙwaƙwalwar Intel kaɗai take aiki. Ba ta cikin waɗanda Apple ya fara fitarwa da tasa ƙwaƙwalwar M1 a 2020 da na bayansu.

IN AN FASA

Mai son cire Linux daga baya ya kiyaye jerin aikin. A tsarin UEFI, ya fara shiga saiti ya mai da Windows Boot Manager saman jeri, ya kunna ya tabbata Windows na tashi da kanta. A tsohon tsarin BIOS, sai ya fara mai da umarnin tayar da Windows cikin MBR ta hanyar filashin gyaran Windows. Bayan haka ne zai kwashe fayilolinsa daga Linux, ya share ɓangarenta a Disk Management, ya mayar wa Windows filin. Wanda ya fara da sharewa zai kunna kwamfuta ya tarar da baƙin allo, GRUB na neman fayilolinta da babu su, kuma sai ya nemo filashin gyara ko maɓallin zaɓen tashi kafin ya sake ganin Windows.